Koyon ƙira a wata maƙera ta Argungu

Maƙerar tana bayan kasuwar Argungu, rumfa ce ta kwano mai murhu biyu, kuma dattijon da ke riƙe da ita ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, amma yana karɓar yaran da ba 'ya'yan maƙera ba, abin da ba kowane gidan ƙira ke yi ba. Ƙanena ya shiga koyo a wurinsa tun bara, ni kuma ina yawan zama a rumfar, don haka abin da zan faɗa gani na yi da idona.

Duk wanda ya zo da zumuɗin ɗaukar guduma zai sha jira, domin Baba, kamar yadda yaran ke kiransa, yana fara ɗora sabon yaro ne a kan zuga-zugi, ya bar shi a nan har sai ya san wuta. Gawayin ƙirya yake amfani da shi saboda yana da ƙarfin wuta kuma yana daɗewa bai cinye ba. Yaro na zuga, idonsa na kan ƙarfen, Baba na nuna masa yadda launi ke sauyawa daga ja mai duhu zuwa ja jawur, sannan ya koma rawaya, lokacin da zafinsa ya kai digiri 1,000 ko fiye kuma ya yi laushin da za a sarrafa shi. Idan aka wuce nan har ya soma fitar da tartsatsi, to ƙarfen ƙonewa yake yi, ya lalace ke nan. A ganina wannan shi ne babban abin da ake samu a wurin, domin mai sanin wuta ba ya ɓata ƙarfen mutane.

Bayan haka sai riƙon awartaki, sai dukan masaba, wato babbar guduma, a kan uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen da ake ɗora aiki a kansa a doka, inda yaro ke bin duk wurin da Baba ya taɓa da ƙaramar gudumarsa ba tare da an yi magana ba. Na ga yadda suka fitar da lauje daga guntun sifirin ɗin mota: suka datse shi da kurfi, suka miƙe shi, suka fitar da baki, suka lanƙwasa, sannan aka gyara da magagari. Baba ya yi wa ƙanena bayanin cewa ƙarfen sifirin yana ɗaukar tauri idan an tsoma shi a ruwa da zafinsa, alhali rodin gini ba ya ɗauka sosai, shi ya sa ba ya yin wuƙa ko gatari da rodi ko da mai saye ya nemi araha. Ya kuma nuna masa cewa bayan tsomawa dole a sake ɗumama bakin a hankali, in ba haka ba zai karye a aikin farko. Manoman shinkafa na fadama sun san wannan bambanci, kuma layin da suke yi a rumfar gab da girbi ya isa shaida.

Sai dai akwai abin gyara, kuma ba ƙarami ba ne. Babu tabarau na kare ido ko guda ɗaya a maƙerar, ga ɓarɓashin ƙarfe mai zafi yana tashi a kowane duka, yara kuma da silifas suke aiki a kusa da garwashi. Da na yi wa Baba magana, ya saurare ni cikin mutunci, amma har yanzu ni ne na saya wa ƙanena tabarau da takalmi rufaffe. Haka kuma idan damina ta gabato, aikin fartanya da garma ya yi yawa, koyarwa takan tsaya cak, yaro ya koma ɗan aike da mai zuga kawai har sai kasuwa ta lafa. Walda da na'urorin lantarki ma ba a koyar da su a nan.

Ba a yanke kuɗin koyo ba. Iyaye kan kai goro da abin da ya sawwaƙa, yaro kuma yana samun kuɗin abinci daga cinikin ranar. Ina ba da shawarar wurin ga mai haƙuri da ke son ƙirar kayan noma ta gaskiya, da sharaɗin iyayensa su tanadar masa kayan kariya tun ranar farko, su kuma kai shi da rani, lokacin da Baba ke da sararin tsayawa a kansa.