Gidan tunawa da matan soja a Arlington

A bakin ƙofar maƙabartar Arlington da ke Amurka gidan nan yake. An buɗe shi a 1997, kuma shiga kyauta ne. Abin da ya fi kama min hankali rajistarsu ta kwamfuta: ka rubuta sunan mace, sai ga hotonta da muƙaminta da labarin aikinta. Na daɗe ina karanta na matan rundunar atilare. Tun 1776 Margaret Corbin ta karɓi igwa bayan an kashe mijinta a fagen daga, amma sai 2016 aka buɗe wa mata dukkan ayyukan yaƙi. Birgediya Wilma Vaught ce ta jagoranci gina gidan bayan ta yi ritaya, Allah ya saka mata da alheri. In za ku je, ku ware lokaci mai tsawo don rajistar kaɗai.