Rubinstein da Capablanca: wa ya fi cin gasa?

Ɗan'uwa ka tambaya tsakanin Akiba Rubinstein na Folan da Capablanca na Kuba wa ya fi cin manyan gasannin darar ces, tunda kana ta jin ana zuga Rubinstein alhali bai taɓa zama zakaran duniya ba. To amsar ta danganta da wane zamani kake nufi, kafin yaƙin duniya na farko ko bayansa.

In kafin 1914 ne, ni dai Rubinstein zan ba wa. Ya ci gasar garin Karlsbad a 1907, sannan a San Fitasbag ta Rasha a 1909 ya raba matsayi na ɗaya da Emanuel Lasker wanda shi ne zakaran duniya a lokacin, kowannensu maki 14 da rabi cikin wasa 18, kuma da suka zauna su biyu Rubinstein ne ya doke shi. Sai 1912, shekarar da har yau in an ambace ta sunansa ake kira, ya ɗauki gasa biyar a jere, San Sebastian, Pistyan, Breslau (nan sun raba da Duras), Waso da Bilna. Ka tuna fa lokacin a jirgin ƙasa ake bin garuruwan nan, a sauka a zauna makonni ana wasa kusan kullum, a tashi a nufi wata ƙasar.

Capablanca kuwa kafin yaƙin babbar gasa ɗaya ya ci a Turai, amma wace irin ɗaya! San Sebastian ta Sifen a 1911, yana ɗan shekara 22. Wasu manyan 'yan wasa biyu, Bernstein da Nimzowitsch, sun yi ƙorafi cewa yaron bai cika sharaɗin shiga ba, sai ga shi a zagayen farko ya lallasa Bernstein ɗin har aka ba shi kyautar wasa mafi kyau, ya ƙare na ɗaya da maki 9 da rabi cikin 14. To abin da mutane ke mantawa shi ne wasa ɗaya tak aka ci shi a gasar, kuma Rubinstein ne ya ci shi, shi kuwa Rubinstein ba wanda ya doke shi, yawan canjaras ne ya bar shi da maki 9. Don Allah ka nemo wasan nan da na Lasker na 1909 ka jera su, a dukkansu akwai inda Rubinstein ya matsar da sarauniya gidan c1, layin baya, matsi ne da in ka gani za ka ce ba komai a ciki amma daga nan abokin karawa bai sake samun sukuni ba.

Daga 1914 ne hanya ta rabu. An shirya Rubinstein zai kara da Lasker kan kambun duniya a ƙarshen shekarar, sai ya je San Fitasbag ya kasa shiga cikin mutum biyar da suka kai zagayen ƙarshe, Lasker ya ci gasar da maki 13 da rabi, Capablanca na biye da 13. Yaƙi ya ɓarke, maganar karawa ta mutu. Wannan wurin yana taɓa min zuciya wallahi.

Bayan yaƙi babu gardama, Capablanca ne. Ya karɓe kambu daga Lasker a Habana a 1921 ba a ci shi wasa ko ɗaya ba, ya ci Landan a 1922 da maki 13 cikin 15, ya ci Niyok a 1927 da tazarar maki biyu da rabi a kan Alekhine, kuma ko bayan Alekhine ya ƙwace kambun ya dawo a 1936 ya ci Mosko, ya raba Notingham da Botvinnik. Shekara 25 kenan tsakanin babbar gasarsa ta farko da waɗannan. Rubinstein bai ɓace gaba ɗaya ba, ya ci Biyana a 1922 a gaban Alekhine, a 1930 kuma ya jagoranci Folan ta ɗauki zinare a gasar ƙasashe ta Hambog da maki 15 cikin 17, amma yau ya haskaka gobe ya dusashe, larurar ƙwaƙwalwa tana ta cin sa har ya bar gasa a 1932. Kuɗin ma sun tsaya masa, tunda dokar Landan ta 1922 ta ce mai neman karawa da zakara sai ya samo dala 10,000.

Tunda ka ce yanzu kake koyo, fara da wasannin Capablanca don sun fi sauƙin bi, za ka gane dalilin kusan kowane matsi. In hannunka ya faɗa sai ka koma kan yadda Rubinstein ke buga ƙarshen wasa in ban da sarakuna, ruk (ɗan dara mai kama da hasumiya) da ƙananan sojoji kawai suka rage a allo.