Kokawa ko Naushi: Hanyar Usman da ta Adesanya

Matashin da ke son shiga damben gauraye, wato wasan da ya haɗa dambe da kokawa, yakan zaɓi ginshiƙi ɗaya tun farko, ko dai kokawa ko kuma naushi da shuri, kuma 'yan Najeriya biyu da suka ci kambun UFC, babbar gasar wannan wasa, a 2019 sun nuna ƙarfi da raunin kowace hanya.

Kamaru Usman, haifaffen Auchi, ya tashi a Amurka yana kokawar jami'a har ya zama zakaran ƙasa a rukuninsa a 2010. Ɗan kokawa shi ke zaɓar inda za a fafata, domin idan naushi ya yi masa zafi sai ya rungumi abokin karawa, ya matse shi a jikin kejin da ake fafatawa a ciki ko ya kai shi ƙasa. Da haka ya gajiyar da mai riƙe da kambu Tyron Woodley tsawon zagaye biyar ya ƙwace kambun, sannan ya kare kambun sau biyar, kafin Leon Edwards ya sumar da shi da shuri ɗaya a kai a 2022, ana dab da tashi.

Israel Adesanya, ɗan Legas da ya girma a New Zealand, ya dogara da tsayinsa da iya auna tazara, kuma wasansa ya fi daɗin kallo, kamar yadda ya buge mai riƙe da kambu Robert Whittaker a zagaye na biyu. Amma da ya hau ajin da ya fi nasa nauyi a 2021, Jan Błachowicz ya kayar da shi ya danne.

A ganina kokawa ta fi zama tushe mai aminci, ko da yake tana cin gwiwoyi, kuma Usman da kansa ya sha kokawa da ciwonsu.