Kwana biyar a Kolombiya: gaɓar teku ko kogin Amazon?

Mai kwana biyar kacal ya fara duba hanya kafin kyan wuri.

Nuquí, a gaɓar tekun Fasifik cikin yankin Chocó, babu titin mota da ya kai can. Ƙaramin jirgin sama ake hawa daga birnin Medellín, tafiyar kusan awa ɗaya, sannan kwale-kwale mai inji ya kai mutum masauki. Ruwan sama ne matsalar: yankin na cikin wuraren da suka fi samun ruwa a duniya, idan hadari ya rufe sai a ɗage tashin jirgi. Dole a ware kwana guda na ko-ta-kwana, kada a haɗa ranar dawowa da ranar jirgin gida. Daga Yuli zuwa Oktoba manyan kifayen wel ke zuwa haihuwa, wannan kuwa ya cancanci wahalar.

Leticia, garin da ke bakin kogin Amazon, ta fi tabbas. Babban jirgin sama ne daga Bogota, babban birnin ƙasar, awa biyu, sai jirgin ruwa mai gudu ya haura kogin Amazon zuwa Puerto Nariño, wani awa biyun. Daga nan ake shiga tafkin Tarapoto neman dolfin, wata dabbar ruwa, mai launin ruwan hoda. Wajen Afrilu da Mayu kogin ya cika, kwale-kwale na ratsa cikin daji. A Satumba ya janye, sai tafiyar ƙafa. Sauro kam ba a magana. A yi allurar rigakafin zazzaɓin shawara aƙalla kwana 10 kafin tashi.

Duk inda aka zaɓa, a riƙe tsabar kuɗi. In ba lokacin wel ba ne, Leticia ce zaɓinmu.