Metformin ko Daonil: wanne ya fi wahalar da Hajiya?

'Yar uwa, kin ce an ɗora Hajiyarku kan metformin, maganin ciwon suga, kwana goma ke nan, gudawa ta hana ta sakat, mai kemis a Tudun Wada kuma ya ce a koma Daonil tunda ba ya taɓa ciki. Gaskiya ne ba ya cika taɓa ciki, amma kada a canja bisa maganarsa.

Metformin, wato Glucophage, yana rage sukarin da hanta ke zubawa cikin jini ne. Illarsa a fili take: gudawa, tashin zuciya, kumburin ciki, ɗanɗanon ƙarfe a baki. Yawanci takan lafa cikin 'yan makonni. Abin da ke tsananta ta shi ne sha da cikin wofi, ko farawa da 1000mg lokaci guda. Ana farawa da 500mg sau ɗaya, a tsakiyar tuwon dare, a ƙara bayan mako. Idan ya ƙi, akwai mai narkewa a hankali, an rubuta XR ko SR a kwalinsa. Ba a raba shi, ba a tauna shi. Shi kaɗai da wuya ya kayar da suga. Sharaɗinsa ƙoda: idan gwajin eGFR, wato awon ƙarfin aikin ƙoda, ya yi ƙasa da 30 ba a shan sa, kuma ranar da amai da zawo suka zuƙe ruwan jiki, balle a zafin Afrilu na Gombe, a dakata a ga likita. Bayan shekaru yakan rage bitamin B12.

Daonil kuwa, glibenclamide ke nan, matsa wa jiki yake ya saki insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Tsohuwa ta sha 5mg da safe, ta kurɓi koko kawai, ta tafi gidan suna. Kafin azahar sai zufa, karkarwa, bugun zuciya, magana ta rikice. Mutanen gida su yi ta tofi, alhali sugan ne ya faɗi ƙasa da 70 mg/dL a na'urar awon suga. A jiƙa ƙaramin cokali 3 zuwa 4 na sukari a ba ta, a sake aunawa bayan minti 15, sannan ta ci abinci sosai. Idan ta suma kada a ɗura mata komai, sai asibiti. Ko ta farfaɗo a kai ta, domin maganin yana daɗewa a jiki, sugan kan sake faɗuwa cikin dare. Septrin da kwinin suna ƙara wannan haɗari, haka ma azumi. Daonil yana kuma sa ƙiba.

Ga mai shekarun Hajiya, gudawar metformin ta fi sauƙi nesa. Ki koma da ita wurin likitan da kwalin a hannu, ki nemi gwajin ƙoda, ki tambayi batun XR. In dole sai an ƙara wani, gliclazide bai kai Daonil kayar da suga ba.