Hattara da masu sayar da tikitin Oasis na bogi

'Yan'uwa mazauna Birtaniya, musamman ɗalibanmu na Manchester, wannan gargaɗi naku ne. Wani ƙanena ɗan makaranta ya tura fam 300 ga wata mata a Facebook, wai tikiti biyu na wasan mawaƙan Oasis gare ta, mahaifiyarta ba lafiya, ba za ta samu zuwa ba. Kuɗi na shiga ta toshe shi. Kuɗin hayarsa ne kuwa.

Ban ga laifinsa sosai ba, don wanda bai zauna a garin nan ba ba zai gane yadda ake ji da mutanen nan ba. A Manchester aka kafa ƙungiyar a 1991, Noel da Liam Gallagher wa da ƙane ne. Faifansu na farko, Definitely Maybe, ya fito a 1994, kuma a 1996 mutum 250,000 suka kalle su cikin dare biyu a Knebworth da ke Ingila. Sai rigima ta raba su a Paris a 2009. Shekara 15 ba sa ga maciji. Da aka sanar a watan Agustan 2024 cewa sun shirya, za su kuma yi rangadin wasanni, sai kasuwa ta buɗe wa ɓarayi, domin tikiti ya ƙare a rana ɗaya, masu nema kuma sun ninka kujeru nesa ba kusa ba. Bankin Lloyds ya ƙiyasta cewa kafin ma a fara wasan farko a Cardiff ranar 4 ga Yulin 2025, an riga an damfari masoya sama da fam miliyan 2, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari daga shafukan sada zumunta abin ya faro.

Salonsu ɗaya ne. Za ka ga shafi mai hoton iyali da tsofaffin rubuce-rubuce, ka ce ai wannan mutumin kirki ne, alhali sace shafin aka yi daga mai shi. Za a turo maka hoton tikiti har da lambar kujera. Hoto ba tikiti ba ne, malam. Tikitin gaske a manhajar waya ake miƙa shi daga asusu zuwa asusu, hoto guda kuwa mutum goma za a iya sayar wa. Daga nan sai gaggawa: wani na jira, ka biya yanzu. Kuma ba za su yarda da kati ba, sai dai ka tura kai tsaye ta banki, ko ta PayPal a ɓangaren 'yan'uwa da abokai, inda babu kariyar mai saye ko kaɗan.

Ko wanda ya samu tikitin gaske a hannun 'yan bumburutu bai tsira ba. Masu shirya rangadin sun ce ta shafukan sayar da tikiti na Twickets da Ticketmaster kaɗai aka yarda a sake sayarwa, a kan farashin asali, suka kuma sanar da soke tikiti kusan 50,000 da aka kai wasu shafuka.

Rangadin ya ƙare a Brazil a Nuwamban 2025, amma ɓarayin ba su tafi hutu ba. Idan wani ya ce ka ba da kafin alƙalami don wasan da ke tafe, duba shafin ƙungiyar. Ranar da ba ta nan, babu ita. Haka ma faifan garmaho ko jita da aka ce Noel da Liam sun sa wa hannu, takardar shaidar da mai sayarwa ya buga da kansa ba ta shaidar komai.

Wanda ya riga ya faɗa tarkon, kada kunya ta hana shi magana. Ya buga 159, layin da ke haɗa mutum da bankinsa, ya ajiye hotunan hirar duka. Ƙanena kwana huɗu ya yi shiru kafin ya faɗa mini, kuma a lokacin shafin matar ya ɓace.