Takardun bashin gwamnatin Kamaru: ina ribar, ina tarkon?

Kusan duk shekara abin da gwamnatin Kamaru ke kashewa ya fi abin da take tarawa daga haraji, kwastan da man fetur. Wani ɓangaren giɓin ana ranto shi daga waje, wani kuma a cikin gida, ta hanyar sayar da takardun bashi. Su ne hajar da za mu auna a nan, don ɗan kasuwar Garwa ko Marwa mai kuɗi kwance.

Hajar iri uku ce. BTA ta gajeren zango ce, mako 13, 26 ko 52, kowace takarda sefa miliyan ɗaya. OTA daga shekara biyu zuwa sama. Waɗannan biyun gwanjonsu ake yi ta hannun babban banki BEAC, bankunan da aka amince da su ke shiga, mutum ya bi ta bayansu. Ta ukun, wadda ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi, ita ce ECMR da ake tallatawa ga kowa, takarda ɗaya jaka goma. An fara ta a 2010 da biliyan 200, ruwa kashi 5.6 cikin ɗari a shekara. Ta 2022 ta zo da kashi 6.25 zuwa 2029, ta 2023 kuma aka raba ta gida huɗu, daga kashi 5.8 na shekara uku zuwa 7.25 na shekara takwas.

Saye ba wuya, amma sai lokacin da aka buɗe tayi, kuma makonni kaɗan ake yi a rufe. Ana buƙatar katin ɗan ƙasa, lambar haraji ta NIU, asusun banki, sai asusun ajiyar takardu a wajen dillalin hannun jari mai lasisin COSUMAF, hukumar da ke sa ido a kan kasuwar hannun jari ta yankin. Kafin sa hannu a tambayi kuɗin riƙon asusu da ladan dillali, a rubuce. Ga mai takardu kaɗan, su ne ke cinye ribar a ɓoye.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne lissafi. A ɗauki takarda ɗari, miliyan ɗaya ke nan, a kashi 6.25 na shekara bakwai, da sharaɗin shekara biyun farko ruwa kawai za a biya. Shekara ta ɗaya da ta biyu 62,500 kowace. Daga ta uku a fara mayar da uwar kuɗi, 200,000 duk shekara, ruwan kuma ya bi abin da ya rage: 62,500, sai 50,000, 37,500, 25,000, ta ƙarshe 12,500. Jimillar riba 312,500, ba 437,500 da mai ninka bakwai zai zata ba. Babu haraji a kan ruwan, wannan kam abin yabo ne.

Biya fa? A nan hajar ta fi ƙarfi. Akwai keɓaɓɓen asusu a BEAC da ake zuba wani kaso na kuɗin haraji don biyan masu takardu. Dalilin kuma na siyasa ne: gwamnatin da za ta dawo kasuwa neman rance baɗi ba ta wasa da masu ba ta bashi bana. Idan aljihu ya tsuke, ɗan kwangilar da ya gina aji a ƙauye shi ke jiran kuɗinsa wata da watanni, mai takarda kuwa ya karɓi nasa. Haka kuma tsuke bakin aljihun da ake yi don rage giɓi a kan talaka yake sauka: rage tallafin mai ya kai litar fetur daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, sannan 840 a Fabrairun 2024. Duk da haka kada a ɗauka gwamnati ba ta tuntuɓe. Chadi sai da ta sake zama da masu binta, har da kamfanin Glencore mai cinikin mai da ma'adinai, aka daidaita a Nuwamban 2022. Kongo Brazzaville kuma a 2024 ta nemi masu takardunta su karɓi sababbi masu dogon wa'adi.

Aibi biyu ne manya. Na farko tsadar kaya: a 2023 hauhawar farashi ta haura kashi 7, wato mai karɓar 6.25 kuɗinsa raguwa suka yi a kasuwa ko da sun ƙaru a takarda. Na biyu fita kafin wa'adi. A ƙa'ida ana sayarwa a kasuwar hannun jari ta BVMAC da ke Duwala, amma masu saye ba su da yawa, sai an jira ko an karya farashi. Mai sarin albasa ko masara da ke buƙatar jarinsa da kaka, wannan ba hajarsa ba ce.

Akwai kuma maganar da ba a tsallakewa a nan arewa: ribar kuɗin ruwa ce tsantsa, ƙayyadadda tun ranar saye. Wanda ke kaffa-kaffa da kuɗin ruwa saboda addini ya tambayi malaminsa tun kafin ya taka ƙofar banki. Ga wanda ya yanke shawarar shiga, gidan shekara uku ko huɗu ya fi na takwas kwanciyar hankali, kuma da kuɗin da ba za a nema ba kafin wa'adi ya cika.